Mai Madubi da Takarda ta Arba'in da Biyu

Haihuwa da asali

An haifi marigayi, wanda asibitin da ya yi wa hidimar shekara talatin da bakwai ya sani da laƙabin Mai Madubi, a ranar Talata, sha tara ga watan Afrilu na shekarar 1949, a wani ƙaramin gari na bakin kogi da titi guda ya ratsa ta tsakiyarsa. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, yana da ɗan shago mai taga ɗaya daura da gada, mahaifiyarsa kuwa tela ce da ke taka kekenta a barandar gida. Shi ne ɗan fari, kuma tun bai kai tsawon teburin shagon ba mahaifin ya koya masa rufe ido ɗaya ya leƙa da ɗayan ta ɗan gilashin da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, ya kuma cusa masa aƙidar cewa duk agogon da ya tsaya, to akwai ƙura ko tsatsa a wani lungu na cikinsa, in ka gano ta ka share, shi ke nan. Wannan karatu daidai yake a kan agogo. Abin takaici, yaron ya ɗauke shi ya shafa wa kome.

A daminar shekarar 1958, yana ɗan shekara tara, ƙanensa mai bi masa ya kamu da amai da gudawa ranar Laraba, aka binne shi ranar Juma'a. Ma'aikacin lafiyar da ya zo duba rijiyar unguwa ya shaida wa mahaifinsu, a gaban yaron, cewa wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani ta shiga ruwa. Tun daga ranar ya sha alwashin sai ya ga wannan abu da idonsa, kuma gabar da ya ƙulla da ƙwayoyin cuta a bakin rijiyar nan ba ta mutu ba sai bayan shekara hamsin da uku, lokacin da mutuwarta ba ta da sauran amfani ga kowa.

Karatu

Ya shiga makarantar firamare a 1956, ya wuce sakandare a 1963, inda ya yi fice a ilimin halittu, ya kuma yi suna wajen tsabta har abokansa na tsokanarsa cewa yana wanke sabulu kafin ya wanke hannu da shi. A 1969 ya samu gurbi a makarantar koyon aikin ɗakin gwaji, kuma a can ne ya fara ɗora idonsa a kan madubin likita, wato na'urar da ke girmama abin da ido ba ya gani.

Malaminsu na fannin ƙwayoyin cuta, wani dattijo mai rowar murmushi, ya ba su ƙa'idoji biyu da ya ce su ne ginshiƙin aikin. Ta farko, bahayar ɗan Adam cike take maƙil da bakteriya iri-iri kamar kasuwa ranar cinta, amma wannan taro ba ruwan ma'aikaci da shi, ɓarawon da ke cikin taron ake nema, shi kaɗai ake rubutawa, sauran a wanke su su bi rariya. Ta biyu, kada mutum ya kuskura ya sa hannu a kan sakamakon da bai tabbatar da shi ba. Marigayi ya riƙe ƙa'idojin nan riƙon da bai yi wa nasihar iyayensa ba. Ta farko ce ta cuci 'yarsa, ta biyu kuma ta hana shi neman gafararta. Ya kammala a 1972 da sakamako mafi daraja a ajinsu.

Aiki

A watan Oktoba na shekarar aka ɗauke shi aiki a wani babban asibitin gwamnati, aka tura shi ɗakin gwajin bahaya, wanda ke can ƙarshen dogon baranda, manne da ɗakin wanki. Ɗakin na da taga ɗaya, da dogon benci na siminti, da famfo mai ɗiga, da jerin ƙananan kwalabe da majinyata ke ajiyewa a bakin ƙofa su juya da sauri don kada a haɗa ido. A nan ya zauna shekara talatin da bakwai, yana shafa ɗan samfuri a kan gilashi, ya rina shi, ya kara a madubi, ya rufe ido ɗaya kamar yadda mahaifinsa ya koya masa. Abokan aiki kan ce ya san mutanen garin ta baya fiye da yadda ya san su ta gaba, shi kuwa sai ya ce ta bayan ce ba ta ƙarya.

Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma likitoci kan ce in Mai Madubi ya sa hannu, a rubuta magani ido rufe. Takardar sakamakon da yake cikewa tana da gurbi guda a ƙasa. Ko dai ya rubuta sunan ƙwayar da ya kama, ko ya rubuta kalmomi shida: ba a ga ƙwayar cuta ba. An ƙara masa girma a 1981 da 1990, ya zama shugaban ɗakin a 1996, amma bai yarda ya bar bencinsa ya koma ofis ba.

Aure da 'ya'ya

A shekarar 1975 ya auri wata malamar lissafi da kowa ke kira Malama, mace mai haƙuri amma ba mai haɗiye magana ba. Allah Ya azurta su da 'ya'ya huɗu: namiji a 1976, wani namijin a 1978, mace a 1981, sai auta a 1985. Macen ita ce ta shiga ransa fiye da kowa, har sunanta na yanka ya ɓace a gidan, aka koma kiranta 'Yar Baba. Tun tana aji uku take cewa likita za ta zama, shi kuma bakinsa har kunne yake maimaita wa baƙi.

Gidansu ɗaki uku ne a bene na biyu, kuma ƙamshin maganin wanke ƙasa ke fara yi wa baƙo maraba tun daga matakala. A saman kabad ɗin ɗakin maigidan akwai wani tsohon gwangwanin biskit cike da kafso, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, ja da baƙi, rawaya, fari, kowane iri. Yaro ya yi atishawa sau biyu, a sauko da gwangwani. Cikinsa ya yi ƙugi, a sauko da gwangwani. Mazan kan ɓoye kafson a ƙarƙashin harshe su tofar ta taga, amma 'Yar Baba, don kada ran babanta ya ɓaci, haɗiyewa take ta buɗe masa baki ya gani. Kafin ta cika shekara goma ta sha abin da wani bai sha ba a rayuwarsa duka.

Malama ba ta yi shiru ba. Sau da yawa takan ce, “Baban yara, mura ce fa, ka bar yarinyar nan jikinta ya yi aikinsa.”

Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: “Ke alli kika sani. Ni na ga abin da idona, ke ba ki gani ba.” Kuma gaskiya ne ya gani, ya kuma ga ƙanensa a nannaɗe. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne, amma hanjin yarinya bai san bambancin ba.

Rashin lafiyar 'Yar Baba

A watan Yuli na 1997, tana da shekara sha shida, 'Yar Baba ta fara murɗar ciki da gudawa mai jini da majina, sau shida, sau takwas a yini. Uban ya ce atini ne, ya ɗauki samfuri da kansa ya kai ɗakin gwaji, ya duba, ya sake dubawa, bai ga kome ba. Ya rubuta kalmominsa shida ya sa hannu, domin ba ya rubuta ƙarya ko a kan 'yarsa. Amma bai kai takardar wajen likita ba, aljihu ya sa ta. A tunaninsa tunda akwai jini akwai ɓarawo, in bai gan shi ba to ɓuya ya yi, kuma abin kunya ne a ce shugaban ɗakin gwaji ya kasa kama ƙwayar da ke cikin gidansa. Ya sauko da gwangwani.

Ciwon kan lafa wata ɗaya ko biyu, sai ya ce magani ya ci. Ya dawo da ƙarfi, sai ya ce maganin ya yi rauni, ya nemo wanda ya fi shi. Cikin wata ashirin ya gwada bahayar 'yarsa sau arba'in da ɗaya, ya cike takarda arba'in da ɗaya, duk da kalmomin nan shida. Yarinyar da ke cika kujera ta koma kamar tsinke, siket ɗin makaranta sai da allura ake riƙe shi, ta san kowane banɗaki tsakanin gida da aji. Malama ta yi magana, ta yi kuka, ta kira yayanta ya zo ya yi magana, maigidan ya yi kunnen ƙashi.

Ranar Asabar, sha uku ga Maris na 1999, ita ce ranar da ya kamata a rubuta da ja a tarihinsa. Yana da wani tsohon madubi da asibiti ya yar, ya gyara shi da hannunsa, yana ajiye shi a bakin tagar falo domin da hasken rana yake aiki. Da la'asar ɗin ranar, bayan 'Yar Baba ta gama kwana goma na kafso iri biyu a haɗe, ya shafa samfurinta ya leƙa. Shekara ashirin da bakwai yana ganin wannan kasuwa, dogaye da gajeru, masu kama da sanda, masu kama da ƙwayoyin carbi a zare, cunkus. Ranar sai ya ga fili fetal, 'yan tsiraru iri ɗaya nan da can, kamar kasuwa bayan an watse. Kowane bawan Allah da ya ga gari ya zama kufai zai ji gabansa ya faɗi. Shi tsalle ya yi.

“Malama! Zo ki gani! Na share su, wallahi na share su tas!”

Ta zo da ludayi a hannu, ta leƙa don ya ƙyale ta, ta ce ita ba ta ga kome ba.

“Ai abin da nake faɗa miki ke nan, babu kome! Yanzu ɓarawon ba shi da inda zai ɓuya.”

Ya kira 'Yar Baba ita ma, ta taso daga kan tabarma tana dafa bango, ta rufe ido ɗaya ta leƙa, ta yi masa murmushi don ta ga yana murna. Bayan mako uku ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar banɗaki, aka ɗauke ta ranga-ranga, sai da aka yi mata ƙarin jini leda uku.

Gano ciwon da tiyata

Daga nan magana ta fita hannunsa. Aka tura ta asibitin koyarwa, inda aka zura mata na'ura mai kyamara cikin babban hanji, aka tarar da bangonsa ja wur, ya kumbura, duk gyambo. Likitoci suka ce wannan ciwon kumburin hanji ne mai daɗewa, ba wata ƙwaya guda ce ta shigo daga waje ba, garkuwar jikinta ce ke yaƙar hanjinta, kuma ciwo ne mai lafawa ya tashi. Marigayi ya saurara ya gyaɗa kai, ya kuma ji wani sanyi a ransa da bai kamata ya ji ba, domin an tabbatar cewa takardunsa arba'in da ɗaya ba su yi ƙarya ba.

An ɗora ta a kan magungunan kwantar da garkuwar jiki, ta ɗan murmure, ta ci jarrabawa, har ta samu gurbin karatun likita a 2001. Ciwon ya kwantar da ita a zangon farko, aka ɗage mata shekara, ya sake kwantar da ita, aka ba wa wani ɗalibi gurbinta. A watan Nuwamba na 2003 hanjin ya kusa fashewa, aka yi mata tiyatar gaggawa aka cire babban hanjin gaba ɗaya, aka buɗe mata ƙofa a gefen ciki inda ake liƙa jaka. Tiyatar ta ceci ranta, ta kuma maido mata da jiki. Saurayin da ke nemanta, wani ma'aikacin banki, ya zo dubiya sau biyu, aka yi masa bayanin jakar, daga nan ƙafarsa ta ɗauke, tir da halinsa. 'Yar Baba ta sa aka kawo mata keken ɗinkin kakarta, ta kafa shi a bakin tagar falo inda madubin yake a da, ta zama tela.

Ritaya da laccar 2011

Ya yi ritaya a 2009, aka ba shi agogon bango da takardar yabo. Bayan shekara biyu, a watan Mayu na 2011, asibitin ya gayyaci tsofaffin ma'aikata wata lacca da wata likitar hanji za ta gabatar. Ya sa rigarsa mai guga ya zauna a layin gaba, yana shirin gyara wa yarinya kuskure.

Likitar ta yi bayanin cewa taron bakteriyar da ke cikin hanji ba 'yan kallo ba ne, ma'aikata ne. Wasu na narka abin da cikin mutum ya kasa narkawa, su fitar da wani sinadari da bangon hanji ke ci ya rayu. Wasu na taimakawa yauƙin da ke lulluɓe bangon ya yi kauri, don kada kome ya taɓa naman. Wasu na koya wa garkuwar jiki tun mutum na jariri wa za ta yaƙa, wa za ta ƙyale. Yawansu ma kawai na hana miyagu samun wurin zama. Ta ce mafi yawansu iska ke kashe su, shi ya sa ba sa tsirowa a faranti irin na tsofaffin ɗakunan gwaji, sai yanzu da ake gane su ta ƙwayoyin gadonsu. Ta ce a jikin masu kumburin hanji akan tarar iri-irin nan sun ragu, masu ciyar da bango sun yi ƙaranci, masu tsokana sun yi yawa, yauƙin ya yi siriri, bakteriya su kai ga nama, garkuwar jiki ta harzuƙa ta kasa tsayawa, musamman ga wanda ya gaji saurin harzuƙar. Ta ƙara da cewa bincike ya nuna yaran da suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta da yawa sun fi kamuwa da ciwon.

Sai ta haska hoto biyu a bango. Na farko kasuwa cike. Na biyu fili fetal, 'yan tsiraru iri ɗaya nan da can. Marigayi ya san hoton nan, ya taɓa kiran matarsa ta bar tukunya ta zo ta taya shi murnarsa. Wanda ke zaune kusa da shi ya ce ya ji dattijon ya ce “Innalillahi” a hankali, ya ga gumi na bin wuyan rigarsa.

Da aka tashi ya tare likitar a baranda, ya zayyana mata kome bai rage ba, tun daga gwangwanin biskit har ranar Asabar ɗin nan, sa'an nan ya ce, “Likita, ki faɗa mini, ni ne ko ba ni ba ne?”

Ta ce, “Baba, ba wanda zai iya ce maka e ko a'a. Akwai gado, akwai garkuwar jiki, akwai abin da ba mu sani ba tukuna. Wasu sun kamu ba su taɓa shan kafso ba. Shi kansa ciwon ma yana rage bakteriyar hanji. Abin da zan iya cewa, maganin nan bai taimake ta ba, kuma mai yiwuwa ya ƙara.”

“Mai yiwuwa ba sakamako ba ne,” in ji shi.

“Shi muke da shi, Baba.”

Shekarun ƙarshe

Ranar da yamma ya sauko da gwangwanin ya kai shi bola da kansa, ya kuma faɗa wa Malama abin da ya ji. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, ko da yake ta cancanci ta faɗa sau ɗari. Cewa ta yi, “To ga ta can a falo. Tashi ka je ka gaya mata, ka nemi gafararta.”

Ya ce, “In ce mata me? In ce mai yiwuwa? Ni ban taɓa sa hannu a kan abin da ban tabbatar ba. Bari in tabbatar tukuna.”

Kai, wannan taurin kai da me ya yi kama! Ya tashi haiƙan neman tabbaci ruwa a jallo. Ya sa autansa na buga masa rahotannin bincike daga intanet, yana bin su da jan biro, layi-layi, da ƙamus a gefe. Kowane rahoto da ya karanta da “ana zaton” yake farawa, da “ana bukatar ƙarin bincike” yake ƙarewa. Tsakanin teburinsa da keken 'Yar Baba taku bakwai ne, yana jin ƙarar keken yini guda, yana ganin yadda takan dafa gefen cikinta ta tashi ta shiga banɗaki, amma bai taka bakwai ɗin nan ba. Sai ya koma yi mata hidimar da ba ta nema ba: ya shafa wa keken mai, ya zura mata zare a allura, ya sayo mata jakunkunan ciki tun ba su ƙare ba. Takan ce, “Na gode, Baba,” ba ƙari.

Malama ta rasu a watan Agusta na 2016 bayan gajeriyar jinya, kuma kwana biyu kafin rasuwarta ta sake ce masa, “Ka gaya mata tun kana da baki.” Ya ce zai gaya. Da ta tafi, gidan ya rage su biyu, kuma babu sauran mai tuna masa.

Jinya da wafati

A watan Janairu na 2019 ciwon huhu ya kwantar da shi a asibitin da ya yi wa aiki, aka yi masa mako uku ana ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi ta jijiya, kuma wannan karon da hujja aka ba shi, don ba don shi ba da bai kai ko'ina ba. Huhun ya warke, amma maganin ya share masa hanji, wata muguwar ƙwaya ta samu fili ta yaɗu, gudawa ta ɓarke masa babu tsayawa. Da aka kawo masa takardar sakamako daga tsohon ɗakinsa, ya karanta ya yi 'yar dariyar da ta fi kuka ciwo.

'Ya'yansa maza na zuwa dubiya su tsaya daga bakin ƙofa. 'Yar Baba ce ta zauna da shi, ita ke wanke shi, ita ke canza zanen gado sau biyar, sau shida a yini, ba ta taɓa yamutsa fuska ba, domin wannan aiki babu wanda ya fi ta saninsa. Da hantsin ranar Laraba, tana goge masa jiki da ruwan ɗumi, ya kama hannunta.

“'Yar Baba, kafson nan da na riƙa ba ki...”

“Na sani, Baba.”

“Kin sani? Tun yaushe?”

“Tun shekara sha uku da suka wuce. Likitana ya tambaye ni sau nawa na sha irinsa ina yarinya, na fara ƙirga, ya ce in bari haka nan. Ya yi mini bayani.”

“Me ya hana ki faɗa mini?”

“Jira nake ka faɗa. Ranar da ka kai gwangwani bola ina kallonka ta taga, na ce yau Baba zai yi magana. Har na ajiye ɗinki.”

Hawaye suka gangaro cikin kunnensa. Can ya ce, “Ai ba a tabbatar ba ne, shi ya sa. Har yanzu cewa suke mai yiwuwa.”

Ko a wannan gaɓa, jama'a, abin da ya fito daga bakinsa ke nan. Ta dube shi, ta matse tsumman a cikin roba.

“Ni ba sakamako nake jira ba, Baba.”

“To kin yafe mini?”

Ta ce, “Ɗaga ƙafarka, zanen ya jiƙe.” Ya ɗaga, ta zare zanen ta shimfiɗa wani, ta gyara masa matashi, ta ɗauki robar ta fita zubarwa. Kafin azahar ƙodarsa ta fara gazawa, hankalinsa ya gushe, bai sake magana ba. Allah Ya karɓi ransa da safiyar Alhamis, ashirin da ɗaya ga Fabrairu na 2019, saura wata biyu ya cika shekara saba'in.

Jana'iza da zuriya

An yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi a maƙabartar bayan gari, kabari huɗu tsakaninsa da Malama. Tsofaffin abokan aikinsa sun halarta, kuma kowannensu ya shaida cewa marigayi bai taɓa rubuta sakamakon ƙarya ba.

Bayan mako guda, da 'ya'yan ke kwashe kayan teburinsa, auta ya tarar da wata ambulan a ƙasan aljihun tebur. A ciki akwai takardun gwaji arba'in da ɗaya, sun yi ja don tsufa, kowace da sunan 'Yar Baba da kalmomin nan shida da sa hannunsa. A ƙarƙashinsu akwai ta arba'in da biyu, da sunanta, da kwanan watan laccar 2011. A gurbin sakamako ya rubuta, “Ni ne. Ki yafe mini,” ya soke, ya sake rubutawa, ya sake sokewa, har biron ya huda takardar. Gurbin sa hannu kuwa babu kome. Auta ya kai mata yana kuka, ya ce, “Yaya, dubi, ai ya rubuta.” Ta tsayar da keke, ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta miƙa masa abinsa.

“Takardar da ba a sa wa hannu ba, ba ta aiki. Shi ya koya mana.”

Marigayi ya bar 'ya'ya huɗu da jikoki tara. Akwai babban ɗansa, injiniyan ruwa. Da mai bi masa, malamin makaranta kamar mahaifiyarsu. Da auta, mai shagon buga takardu. Da 'Yar Baba, tela, wadda ke zaune ita kaɗai a gidan bene na biyu, kuma har yau in an ambace shi takan ce Allah Ya jiƙansa, ta ci gaba da taka kekenta.